Finafinan fashi na dabara guda shida: wanne ya cancanci datarka da darenka?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Ya kammala shirin nan na ƙasar Sifen mai dogon zango, wanda aka fi sani da Money Heist, duka kashi 41 ɗinsa, sai ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, ina son irinsa, amma wanda zan gama a zama ɗaya. Datata ba ta da yawa, kada ka sa in ɓarnatar da ita." Na lissafa masa guda shida. Ya ce ai ƙara ruɗa shi na yi, kuma gaskiyarsa ce, domin duk da cewa shidan nan labarin sata ne, ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Wani zai bar ka da murmushi, wani kuma zai hana ka barci da wuri.

Irin fim ɗin da nake nufi ya bambanta da fim ɗin faɗa da ake faɗa wa banki da bindiga a yi ta harbi. Ƙashin bayansa shiri ne. Wani mai kai ya hango dukiya a inda aka ce ba ta shiguwa, ya tara mutane kowa da gwanintarsa, a yi nazarin wurin, a sa rana, a shiga. Daɗin kallon yana wurin ganin yadda shirin zai tafi, da kuma inda zai tsage. A ganina fim ɗin da ya amsa sunansa a wannan fanni shi ne wanda ya nuna maka aikin dalla-dalla har ka yarda zai yiwu, sannan bai ɓoye maka abin da aikin ya ci wa masu shi ba.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi da lokaci. Ga mai kallo a waya, tsawon fim shi ne farashinsa, don kowane minti data yake ci da caji. Netflix da kanta ta ƙiyasta cewa awa ɗaya na kallo da hoto matsakaici kan ci har giga 1, in kuma aka ɗaga hoton ya fito tar zai iya kaiwa giga 3. Da wannan lissafin, fim mai kusan awa uku ba ƙaramin sayayya ba ne.

Na biyu ƙarko. Akwai fim ɗin da duk armashinsa yana rataye da sirrin ƙarshe, da zarar ka san shi shi ke nan ya zama ɓawo. Akwai kuma wanda a kallo na uku ma za ka tsinci abin da ya wuce ka.

Na uku sauƙin bi: da wane harshe ake magana, ko za ka dogara da rubutun fassara na ƙasan allo, da yawan mutanen da za ka riƙe sunayensu.

Na huɗu haɗari, kuma shi na fi ba muhimmanci. Da wa za ka iya kallonsa ba tare da ka riƙa laluben rimot ba? Sannan me zai bari a zuciya? A wurinmu fashi da makami da garkuwa da mutane ba labarin allo ba ne, akwai gidajen da har yau ba su warke ba. Don haka duk inda fim ya taɓa wannan miki zan faɗa, domin kada ka kunna wa wanda abin ya taɓa shafa ba da saninka ba.

Rififi, 1955

Wannan shi ne kakan sauran. Fim ne baƙi da fari na Faransa, wanda Jules Dassin ya ba da umarni. Dassin Ba'amurke ne da aka hana wa aiki a Hollywood saboda zargin kwaminisanci, ya koma Turai, kuma da wannan fim ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes na shekarar. Labarin wani tsohon ɓarawo ne, Tony, da ya fito daga kurkuku bayan shekara biyar yana fama da tari, ya haɗu da mutum uku suka sa wa wani shagon lu'ulu'u na birnin Paris ido.

Abin da ya sa har yau ake maganarsa fitowa ɗaya ce mai kusan rabin awa, wadda babu wanda ya ce uffan a cikinta, babu kuma kiɗa. Shagon yana da ƙararrawar tsaro da motsi kaɗan ke tayar da ita. Sai suka shiga gidan da ke samansa, suka ɗage darduma, suka fara fasa daɓen da cizal da gudumar da aka rufe wa kai don kada ta yi ƙara. Da ƙaramar huda ta samu, sai suka zura lema a naɗe, suka buɗe ta daga ƙasa, ta yadda duk ɓarɓashin siminti a cikinta zai zuba maimakon ya faɗa shagon. Ƙararrawar kuwa, kumfar tukunyar kashe gobara suka ɗura mata har ta shaƙe. Ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar ƙarfe a hankali, kana ganin zufa tana tsattsafo musu. Ranar da na fara kallonsa, sai da fitowar ta ƙare na lura shayin da ke gabana ya huce ban taɓa shi ba.

Aikin ya tafi lafiya lau. Abin da ya rusa su zobe ɗaya ne da ɗayansu ya ɗauka a ɓoye don ya kai wa wata mace. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ban san fim ɗin da ya nuna wannan karin magana kamarsa ba. Dassin da kansa ne ya fito a matsayin mai ɗaukar zoben.

Tsawonsa bai cika awa biyu ba. Wurin ƙarko babu na biyunsa a jerin nan, tunda sanin ƙarshe ba ya rage wa fitowar lemar komai. Wahalarsa Faransanci ne da tafiyar hawainiya a farko, sai dai masu karatu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su wannan ba matsalarsu ba ce. Haɗarinsa: akwai wurin da Tony ya yi wa tsohuwar budurwarsa dukan wulaƙanci da bel, kuma a kashi na ƙarshe ana sace ƙaramin yaro don neman fansa.

Heat, 1995

Michael Mann ne darakta, a birnin Los Angeles, kuma a nan ne Al Pacino da Robert De Niro suka fara zama a fitowa ɗaya suna fuskantar juna. Dukansu sun fito a The Godfather kashi na biyu a 1974, amma a can ba su taɓa haɗuwa a allo ba. De Niro shi ne Neil McCauley, shugaban 'yan fashi mai tsari da ƙarancin magana. Pacino shi ne Vincent Hanna, ɗan sandan da aikinsa ya cinye masa aure. Labarin yana da tushe: an yi wani McCauley na gaske a Chicago, wanda ɗan sanda Chuck Adamson ya bi sawunsa har aka kashe shi a 1964, kuma daga bakin Adamson Mann ya ji labarin.

Wurare biyu ake tunawa. Ɗaya shi ne inda ɗan sandan ya tsayar da ɗan fashin a hanya, ya gayyace shi shan kofi, suka zauna kamar tsofaffin abokai, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa cewa in ta kama zai harbe shi. Ɗayan shi ne musayar wuta a tsakiyar gari bayan fashin banki. Mann ya yi amfani da ƙarar bindigogin da aka naɗa a wurin ɗaukar fim ɗin, shi ya sa kake jin amon yana dukan dogayen gine-gine yana dawowa. Babu kiɗan jarumta a kai, tsoro ne tsagwaronsa.

Wannan shi ne mafi tsada, minti 170. Mutane suna da yawa, kowa da matarsa da damuwarsa, don haka in ka kalla kana amsa saƙonni za ka ɓace. Amma yana da ƙarko sosai, kuma ba ya yi wa fashi kwalliya, kusan duk wanda ya sa hannu sai da ya rasa ransa ko iyalinsa. Ba na yara ba ne ko kaɗan: kisa, ashar, fitowar ɗakin kwana, da yarinyar da ta yi yunƙurin kashe kanta. Wanda ya taɓa jin harbi a kusa da shi, ƙarar nan za ta iya tayar masa da hankali.

Ocean's Eleven, 2001

Mafi sauƙin sha a cikinsu. Steven Soderbergh ya sabunta wani fim na 1960, ya tara George Clooney da Brad Pitt da Matt Damon da Julia Roberts. Mutum goma sha ɗaya za su kwashe sama da dala miliyan 150 daga ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa da gidajen caca uku na Las Vegas ke tarayya a kai, a daren wani babban dambe. Sukan gina kwafin ma'ajiyar don gwaji, su ɓoye wani ɗan wasan alkafura na China a cikin akwatin tura kuɗi, su ɗauke wutar gari na ɗan lokaci. Ba a kashe kowa.

Minti 116 ne, kuma suna wucewa kamar ƙiftawa. Turancin yana da sauri da barkwanci, amma ko ka rasa wasu kalmomi hoton zai kai ka. Ƙarkonsa matsakaici ne, a kallo na biyu 'yan wasan kake jin daɗi, ba dabarar ba. Damuwata da shi ɗaya ce: ya mai da sata ado. Kwat mai kyau, murmushi, babu wanda ya yi asarar da za ta taɓa ka. Ga caca da giya ko'ina, da wata gajeriyar fitowa a gidan rawa. Babba zai kalla ya wuce, amma matashi yana bukatar wanda zai ce masa wannan tatsuniya ce.

Inside Man, 2006

Bahaushe mai kallon finafinan Indiya zai ji kamar an yi masa maraba tun daga minti na farko, domin Spike Lee ya buɗe fim ɗin da waƙar Chaiyya Chaiyya ta A. R. Rahman, wadda aka sani a Dil Se na 1998. Daga nan sai wasu mutum huɗu cikin kayan fenti suka shiga wani banki a New York suka kulle ƙofa. Shugabansu, wanda Clive Owen ya fito a matsayinsa, ya riga ya kalli kyamara ya gaya maka cewa ya shirya fashin da babu kuskure a cikinsa, kuma ka saurara da kyau don ba ya maimaita magana.

Dabararsu mai sauƙi ce har ta ba da mamaki. Sun sa duk mutanen da suka tsare sun saka irin kayan da su ma suka saka, fuska a rufe, suna ta cakuɗa su daga ɗaki zuwa ɗaki. To in an buɗe ƙofa kowa ya fito, wane ne ɓarawo, wane ne wanda aka tsare? Denzel Washington shi ne ɗan sanda mai tattaunawa da su, yana da nasa zargin ɓatan kuɗi a wuya, abokin aikinsa kuma Chiwetel Ejiofor ne, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A gefe guda ga tsohon mai bankin, wanda hankalinsa bai tashi don kuɗin jama'a ba sai don wani ƙaramin akwatin ajiya mai lamba 392, har ya ɗauko wata mata mai gyara wa manya al'amura, Jodie Foster, don ta kare masa shi.

Wurin da na fi so shi ne inda 'yan sanda suka ɓoye na'urar sauraro a cikin kwalayen abincin da suka aika ciki. Sai suka riƙa jin wani harshe da babu wanda ya gane. Suka saki muryar a lasifika a kan titi suna tambayar jama'a, wani ma'aikacin gini ya ce harshen Albaniya ne, aka nemo tsohuwar matarsa ta saurara, sai ta fashe da dariya: tsohon jawabin Enver Hoxha ne, shugaban Albaniya da ya mutu tun 1985. Ɓarayin sun san za a saurare su, muryar da aka naɗa suka kunna. Akwai kuma ma'aikacin bankin nan mabiyin addinin Sikh da 'yan sanda suka tuɓe wa rawani suna kiransa Balarabe, ya ƙi magana sai an dawo masa da shi. 'Yan mintuna ne, amma sun nuna halin da birnin ya shiga bayan harin 11 ga Satumba 2001 fiye da dogon jawabi.

Minti 129. Labarin a wuri ɗaya yake, mutanen da za ka riƙe ba su wuce biyar ba, don haka yana da sauƙin bi. Yana kuma jure kallo na biyu, saboda a lokacin ne za ka ga an ajiye maka amsar a gabanka tun farko. Jini kaɗan ne, amma ashar tana da yawa, akwai maganganun batsa jefi-jefi, kuma gaba ɗayansa a kan tsare mutane aka gina shi: ana tilasta musu tuɓe kaya, ana kuka, ana roƙo. Wannan shi ne wanda zan fi yin hattara da shi a gidan da aka taɓa sace wani.

Special 26, 2013

Na Indiya ne, Neeraj Pandey ya ba da umarni, tare da Akshay Kumar da Anupam Kher da Manoj Bajpayee. Tushensa abin da ya faru ne ranar 19 ga Maris 1987 a Bombay, wato Mumbai ta yau, lokacin da wani mutum ya buga tallar ɗaukar aiki a jarida, ya tara matasa da suka ɗauka jami'an hukumar bincike ta CBI za su zama, ya kai su wani babban shagon gwal da sunan samame, ya tattara kaya ya fita ya bar su a tsaye.

A fim ɗin mutum huɗu ne ke sojan gona a matsayin jami'an bincike ko na haraji. Makaminsu katin shaida da murya mai iko, babu bindiga. Suna zaɓar 'yan siyasa da 'yan kasuwar da suka ɓoye dukiyar haram, waɗanda ba za su iya kai ƙara ba don kada asirinsu ya tonu. Mu da muke cewa sata a gidan ɓarawo rance ce, ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan dabara. Fim ɗin ya fahimci abu guda da kyau: yadda mutane ke rusunawa da zarar sun ga wanda ya yi kama da hukuma, har 'yan sandan gaske su yi masa rakiya.

Minti 144 ne, kuma waƙoƙin soyayyar da aka cusa suna jan ƙafar labarin. In ka cire wannan, shi ne mafi tsabta a jerin, za ka iya kallonsa da iyali. Wanda ya saba da finafinan Indiya ba zai sha wahalar binsa ba. Masoyan jarumin Indiya Suriya kuma su sani an sake yin labarin da harshen Tamil a 2018 da shi a matsayin jarumi. Rauninsa shi ne rabin daɗinsa yana wurin juyin ƙarshe, kuma yana sa ka goyi bayan 'yan damfara ba tare da ka ga wanda suka cuta ba.

Hell or High Water, 2016

Mafi gajarta, minti 102, kuma mafi taɓa zuciya. Wa da ƙani a yammacin Texas, Ben Foster da Chris Pine, mahaifiyarsu ta rasu ta bar gona a jingine a hannun banki, wa'adi ya kusa, an kuma gano mai a ƙarƙashinta. Sai suka shiga yi wa ƙananan rassan wannan bankin fashi da sassafe, ƙananan kuɗi kawai suke ɗauka, su binne motar da suka yi aiki da ita a cikin gonar, don su biya bankin da kuɗinsa. Jeff Bridges ne tsohon jami'in da ke bin su, ana saura kwanaki ya yi ritaya. David Mackenzie ne darakta, fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu. Duk wanda ya san zafin gonar gado ta suɓuce saboda bashi zai gane waɗannan 'yan'uwa, amma fim ɗin bai wanke su ba, mutanen da ba su ji ba su gani ba sun mutu a sanadinsu. Karin harshen Texas yana da nauyi, sai da rubutun ƙasan allo. Akwai harbi da ashar.

| Fim | Shekara | Tsawo | Ƙarko | Sauƙin bi | Kallo da iyali |
|---|---|---|---|---|---|
| Rififi | 1955 | kusan awa 2 | sosai | sai da haƙuri | a'a |
| Heat | 1995 | minti 170 | sosai | yana son natsuwa | a'a |
| Ocean's Eleven | 2001 | minti 116 | matsakaici | mai sauƙi | manya kawai |
| Inside Man | 2006 | minti 129 | sosai | mai sauƙi | a'a |
| Special 26 | 2013 | minti 144 | matsakaici | mai sauƙi | e |
| Hell or High Water | 2016 | minti 102 | sosai | matsakaici | a'a |

Kafin ka sayi data, duba manhajar da kake biya ka tabbata fim ɗin yana ciki, don finafinai suna shiga suna fita. Shafukan sauke fim kyauta kuwa, sau da yawa maɓallin da ka danna wata manhaja yake dasa maka a waya, kuma a wayar nan asusun bankinka yake.

Wanne ne naka?

In falo cike yake, ga iyaye ga ƙanne, Special 26 ne kawai zan kunna hankalina kwance. In ka dawo a gajiye kana son abin da zai sa ka murmushi ka kwanta, ɗauki Ocean's Eleven. Mai ƙaramar data da ke son labari mai nauyi ya nufi Hell or High Water. Heat na ranar hutu ne, lokacin da akwai wuta, waya a cike, babu mai kiranka, kuma ya fi kyau a babban allo da sauti mai kyau. Mai sha'awar rubuta labari ko ɗaukar fim, ko a Kano yake ko a Yamai, ya zauna da Rififi da biro a hannu, ya ga yadda ake riƙe mai kallo rabin awa ba tare da kalma ɗaya ba.

Ƙanena kuwa, tunda abin da ya ja shi a shirin Sifaniyawan nan shi ne wasan ƙwaƙwalwa tsakanin mai shiri da ɗan sanda, da mutanen da aka tsare cikin kaya iri ɗaya da ɓarayi, na ce ya fara da Inside Man, wanda ya riga shirin nasa fitowa da shekara 11. Na kuma ce ya sa abin ji a kunne, kada Hajiya ta jiyo ashar ɗin daga tsakar gida.